Gwajin Tafi

Ƙarfe ɗaya na dare a Anguwar Rogo,
sanyin Jos na shigowa ta ƙasan ƙofa,
na ƙara layi ɗaya a kundin sani na intanet,
a babin kula da ingancin kaya:
"Masu haƙar kuza a Bukuru suna ce masa gwajin tafi."

Kafin shayina ya huce an goge.
Wani mai kiran kansa Jan Alƙalami
ya bar mini kalma biyu rak:
"Ina madogara?"

Na mayar, ya share. Na mayar, ya share.
Sau bakwai muna jan igiya ɗaya,
ban san fuskarsa ba, bai san tawa ba,
ko a Wuse yake, ko a bayan katangarmu.
Ya ce sunan abin daga masana'antun ƙetare ya taso,
ya jero littafi uku,
da shekara, da lambar shafi,
kamar mai kai shaidu gaban alƙali.

Ni tawa madogarar tana kwance a maƙabartar titin Zariya.
Babana Ɗanliti, mai awon kuza,
shekara talatin a bakin sikeli.
Shi ma ba shi ya raɗa sunan ba,
daga bakin Ngo Kachollom ya ji,
wadda ke wanke ƙasa da ƙwarya a rafi
har yatsunta suka yi fari kamar rogo.
Takan ɗebi baƙin gari a tafinta,
ta bar shi ya sha rana, ta hura.
Abin da ya tashi, yashi ne.
Abin da ya zauna, a kai sikeli.

Wa ya rubuta wannan?
Akawun kamfani nauyin buhu yake rubutawa,
ba ya rubuta numfashin tsohuwa.

Da safe na tafi aiki ido ja.
A kamfanin biskit ni ne mai dubawa,
na mayar da katan huɗu baya
saboda gefensu ya ƙone.
Yaron injin ya ce, "Oga, wallahi da daɗi."
Na ce, "Na yarda, amma ba zai wuce ba."
Sai na ji muryar Jan Alƙalami a bakina,
na yi shiru, na juya ina duba agogo.

Ashe shi ma hurawa yake yi.
Layina ne bai da nauyin takarda,
ko da yana da nauyin uba.

Ban yafe masa ba tukuna.
Amma an ce 'yar Kachollom tana nan da rai,
tana sayar da dankali a kasuwar Kugiya.
Ran Asabar zan hau mota da littafi da biro,
in ta yarda ta buɗe mini tafinta.