A Kira Tanimun

Ni ban sayi tikiti ba.
Da akwatin sifana na shigo,
tocila a baki, hannu duk baƙin mai.
Kwana uku Yamai tana kiɗa
daga Yantala har Talaje,
ni kuwa nawa aikin yana bayan dandali:
in kuran ya ɗauke, a kira Tanimun.

Shi ya sa makaɗan bana ta ƙeya na san su.
Na san wanda rigarsa ke jiƙewa tun waƙar fari,
na san mai taka waya da diddige
kamar yana kashe kunama.

Daren Juma'a, Bukoki.
Yara huɗu, babbansu bai kai ƙanena ba,
sun ɗaura wa gurumi waya, sun kai shi lasifika.
Na ce a raina, za su ɓata kayan manya.
Sai gurumin ya yi tari, ya gyara murya,
ya faɗi abin da bai taɓa faɗa ba a zauren kakana.
Na tambayi mai shayi sunansu.
Ya ce, "Ƙudan Zuma ne ko Zuman Ƙuda, oho,
ni dai ina bin su kofi tara."

Asabar na haye gada bisa kabu-kabu,
jarkar mai tsakanin gwiwoyina,
kogi a ƙasa ya ɗauko fitilun gari
kamar tallan da ba a taya ba.
A Harobanda wani dogo mai jita
yana jan tsirkiya sannu, sannu,
kai ka ce raƙumi yake lallashi ya tashi.
Kalma ɗaya ban gane ba cikin harshensa.
Ƙafata ce ta gane,
ta zubar min da rabin man.

Lahadi, filin lakkol a Lazare.
Sha ɗaya ta gota kaɗan, sai ɗif!
Unguwa ta yi baƙi, inji ma ya ƙi.
"Ina mai wuta? Ina mai wuta?"
Na durƙusa na buɗe cikinsa:
buji ne kawai, aikin minti biyu.

Sai na ji ruwa.

Mata biyar daga Tawa,
waɗanda aka tura ƙarshen layi tun la'asar,
ba su jira ni ba.
Sun kifa ƙwarya cikin baho,
ɗaya ta dake ta, duhun ya amsa.
Wata Gambina ta ɗaga murya, ba makirfo:
rijiya mai gaba arba'in,
igiyar da ta cinye zanen tafin hannu,
jakin da ya fi maigari sanin hanya.
Mai kilishi ya aje wuƙa.
Wani ɗan sanda ya cire hula, ya rasa inda zai sa ta.

Bujin yana hannuna. Na goge shi tas.
Na sake goge shi.
Mai shirya bikin ya tsaya kaina yana huci,
"Tanimun, saura nawa?"
Na ce, "Ranka ya daɗe, ciwon ya yi nisa."
Allah ya yafe min ƙaryar nan,
tsawonta waƙa uku.

Da na ja igiya, inji ya tashi,
fitilu suka faɗo kan matan, suna ƙifta ido.
Ni aka tafa wa.
Ban taɓa jin kunyar tafi irin ta ranar ba.

Lambarsu na rubuta a dantse da baƙin mai.
Kafin in tuna, sabulu ya ci biyun ƙarshe.
Yanzu kullum bayan isha'i nakan gwada biyar.
Jiya na samu wani mai awaki can wajen Konni,
na rera masa ɗan abin da na riƙe.
Ya yi shiru, har na zaci kuɗin waya sun ƙare.
Ya ce bai san su ba,
amma in sake daga wajen igiyar.