Mu Biyu a Tsohon Layin Dogo

Sun kwashe ƙarafan dogon tun ina 'yar makaranta,
suka malala kwalta mai faɗin tabarma biyu,
suka kafa turaku a mashiga
don mota ta san nan ba gidanta ba ne.
Yanzu layin na kekuna ne,
da masu tura jarirai,
da dodon-koɗi, in an kwana ana yayyafi.

Mahaifina Firmin ya ja jirgi a nan shekara talatin da ɗaya.
Idanunsa sun riga ƙafafunsa yin ritaya.
Shi ya sa na sayo keke mai sirdi biyu, na hannu,
wurin wani likitan haƙori a Cluny
da matarsa ta ce ta gaji da kallon ƙeyarsa.
Ni a gaba, riƙe da kan keke.
Shi a baya, riƙe da hanya.

“Odile, sassauta, akwai kwana.”
Akwai kuwa.
“Nan gaba ƙasa za ta fara tashi.
Ido ba ya ganin wannan hawa, cinya ce ke ba da labari.”

Inabi dama, inabi hagu,
layi-layi sun haye tudu kamar sabon kitso.
Satumba ce. Masu tsinka sun duƙa da almakashi,
wani saurayi da kwando a gadon baya
yana zuwa, yana juyewa, yana miƙa.
Ni gani nake, shi shaƙa.
“Gonar Solange ce. Ta makara da kwana huɗu,
ji yadda rina suka taru a kan zaƙi.”

“Kwana uku, tsoho!” in ji Solange daga cikin ganye,
hannuwanta sun rine har gwiwa.
Ta yanko mana nonon inabi guda, da burodi, da cuku mai wari,
ta ɗaga kwalbar bara tana kaɗawa.
Ya girgiza kai:
“Direba ba ya sha a bakin aiki.”

Sai ramin da aka fasa cikin dutse.
Sanyi ya tare mu tun daga baki,
ruwa na ɗiga, jemagu na can sama sun rataye harkarsu.
A tsakiya fitilun bango suka ɗauke,
tawa kuma ta yi ja, ta yi fari, ta mutu.
Na kai hannu birki.
“Kul,” ya ce. “Nan garinmu ne, ke ce baƙuwa.
Bango na hagu, taku biyu. Bar kan keken ya miƙe.
Taka. Ɗaya. Biyu.”
Na taka cikin abin da yake kwana, yake tashi a ciki
shekara tara ke nan,
ban ji komai ba sai sarƙa da numfashinsa a wuyana.
Da muka kai ɗari da sittin ya sa yatsu a baki
ya yi fito, dogo, sau biyu,
irin na gargaɗin masu tsallaka layi.
Dutsen ya amsa masa.
Can gaba wani haske ya ɓullo, bai fi ƙwayar inabi ba.

Tashar ƙarshe yanzu shagon hayar kekuna ce,
ana sayar da ruwan sanyi ta tagar tikiti.
Agogon bango ya tsaya a huɗu da minti goma,
ba wanda ya damu ya tashe shi.
Baba ya sauka, ya shafa taya kamar mai duba doki,
ya tambayi lokaci.
Na duba waya na gaya masa.
Ya yi shiru, leɓɓansa na lissafi.
“Mun makara da minti shida,” ya ce.
“Solange ce. Gobe ba ma tsayawa.”

Amma ya ɓoye sauran cukun a aljihu,
na gani.