Wuƙar Mushe Bastiyan

Ranar da na kama aiki a kicin ɗinsa na Ikoyi
aka ce in riƙa kiransa Mushe.
Na toshe baki da hula,
don a garinmu mushe sai angulu.
Da Gwadabe ya fassara masa
shi ya fi kowa ƙyaƙyatawa,
har da share ƙwalla da bakin riga.

An ce a ƙasarsu jaridu sun gaji da hotonsa,
manya kan jira wata uku kafin su sami kujera.
Ni dai ga abin da na gani:
tsoho mai ɗingishi, da asuba a kasuwar Mil Tuwel,
yana sunsunar albasar Aliyero
kamar mai zaɓen turaren Sallah.

Wata shida albasa kaɗai na yanka.
In na gaggauta ya riƙe mini hannu,
in na ƙona man shanu ya yi shiru,
shirun da ya fi mari zafi.
Hausarsa duka kalma biyu ce:
"Ɗanɗana tukuna."

Wata rana ya kama ni a bayan janareta
ina cin tuwo da miyar kuka.
Ya tsuguna, ya lakata, ya lumshe ido.
Daddawa, in ji shi, ƙanshin cukun kakarsa ne
a wani ƙauye mai dusar ƙanƙara.
Da mako ya zagayo tana cikin romon kifin Efe,
jakadu na side faranti,
ba wanda ya san daga ledata ta fito.

Ya koma gida da gwiwa ta ƙi.
Labarin rasuwarsa a waya ya same ni,
ina cikin danfo, a cunkoson gadar Eko,
ruwa na dukan gilashi.
Ban yi kuka ba sai da na isa kan albasa.

Otal ɗin yanzu banki ne.
Wuƙarsa tana wurina a Agege,
wasawa ta cinye ta, ta koma kamar ganyen dawa.
Teburi huɗu gare ni, da rumfar kwano.
Jiya Morenike, yarinyar da nake koya wa,
ta ɗebo gishiri za ta watsa a tukunya,
sai na ji bakina ya riga ni,
har da karkatar harshen nan nasa.