Dala Ashirin

Ni na ba shi kuɗin.
Bari in faɗa da bakina, kafin unguwa ta faɗa mini.
Dala ashirin, daren shiga sabuwar shekara,
Mutari a bakin zaure yana murza hula,
jika kuwa ya san inda kakansa yake da laushi.

Tun Laraba mai shela ya ratsa Bagalam a kan babur,
lasifika tana kakarewa:
an hana wasan wuta cikin gari, ba saye, ba sayarwa.
Ina alwala na ji.
Na ce, tasu ce, ta masu biro da hatimi.

Shitu mai tebur bai fasa ba.
A sama alawa da ashana,
a ƙasa, cikin kwalin sabulu, hajar dare.

Ta farko ta tashi, ta buɗe kore shar bisa hasumiya,
har ni na ɗaga kai na ce, kai!
Ta biyu ta yi shiru.
Yaro ya sunkuya, ya kai hannu ya ga me ya hana ta.

Abin da ya rage nata bai nufi sama ba.
Rumfar Tsahiru ya faɗa,
damin harawa sittin, abincin raguna huɗu har damina.
Harawa ba a roƙonta ta kama.
Bokiti, tulu, butar salla.
Ƴan kwana-kwana sun zo, lungu ya fi ƙarfin motarsu.

Wata ta ce a fasa ƙwai, wani ya kawo man goge baki.
Tabawa ta ture su duka,
ta riƙe hannun cikin ruwan randa
har aka samo mai kabu-kabu.
Majo ya ce yatsu biyar suna nan,
biyu dai sun gama lanƙwasawa.

Shitu ya kwana uku a komisariya.
Ni na dangwala yatsa, na biya tara,
ta yi mini sauƙi.
Mai nauyin ita ce gaisuwar Tsahiru kowace asuba:
ina kwana, ya mai jiki,
bai taɓa ambaton harawa ba.

Jiya Mutari yana koyon riƙe alƙalami da hagu,
baƙi na karkacewa kamar sawun kaza.
Bai ɗago ba ya ce,
Kaka, amma ka ga koren nan?

Na gani, Mutari.
Na gani.