Sai Ga Dori—

A shagon Kawu Hamajoda, bayan kasuwar Garwa,
inda agogunan mutane ke kwana ba su san ƙarfe nawa ba,
akwai garmaho mai murfin da gara ta ɗanɗana,
da faifai shida a naɗe cikin tsumman atamfa.

Labarin wani matuƙin kwalekwale ne, daga bakin Garga mai molo,
wanda in ya ɗauko shi bayan lisha
sai ladan ya karɓe shi da asuba.
Wani mai akwati ya zo daga kudu, in ji Kawu,
ya zaunar da dare guda a gaban ƙaho,
ya yanka shi sha biyu kamar tsire.
Duk minti uku sai ya ɗaga hannu.
Ba ya jin Hausa. Agogo kaɗai yake ji.

To, ga kwalekwale a tsakiyar Binuwai,
ruwa ya kawo, sanda ba ta taɓa ƙasa,
Garga ya ja numfashi ya ce, "Sai ga dori—"
Shiii. Shiii. Shiii.
Allura na kewaya fili
kamar akuya a turke.

Dorina ta tsaya da baki a buɗe.
Kawu ya cire tabarau, ya goge hannu a riga,
ya canja allura, ya wana, ya wana,
wata rana har ya sallami mai karɓar agogo,
har ya aike ni sayo goro a bakin titi.
Ina gudu, ina roƙon ruwa ya jira ni.
In na dawo ina haki,
"—na!" in ji Garga,
kamar ba a yi komai ba.

Wanda ya buga lambobin ma bai tausaya mana ba:
ɗaya tana goye da sha biyu,
biyu da sha ɗaya.
Ranar suna a fuska, makara a baya.
In Kawu ya shagala ya juya maimakon ya sauya,
jariri na tsakar kuka
sai ka ji ana neman fartanya.

Na huɗu kuwa, ni na zauna a kansa
ina ɗan shekara bakwai.
Ƙas! Ƙara ɗaya, rami biyu:
inda matuƙi ya ga Asta tana wanki,
da inda ya rasa ta.
Kawu bai doke ni ba.
Ya tattara gutsattsarin a gwangwanin madara,
ya kwana uku bai kunna komai ba.

Daga nan Goggo Dudu ta gaji ramukan.
In an iso wurin, sai ta ajiye tankaɗe ta cike da bakinta.
Ranar da suke shiri da Kawu, kogi ne ya ɗauke Asta.
Ranar da ya manta kuɗin cefane,
da ƙafarta ta tafi, ba ta ko waiwaya ba.

Bara Sali, ɗan ƙanwata, ya kawo mini shi a waya,
an ɗinke shi tsaf, ba a ganin zare.
Dorina ta fito cikin kalma guda,
ta nutse kafin in gyara zama.
Asta kuwa, ashe zazzaɓi ne,
layi biyu, molo ya wuce.

Ban ce masa komai ba, yaro ya yi ƙoƙari.
Amma hannuna ya tashi da kansa
yana lalube a iska.
Shagon yanzu na masu cajin waya ne,
Goggo da Kawu suna kwance ba nisa da juna.

Na ce, Sali, mayar da shi baya kaɗan.
Nan. Tsayar.
Ungo, je ka sayo mini goro.
Kada ka yi sauri.