Wadda Ta Ɓata Mini Hoto

Shekara talatin ina da shago a Sabon Gari,
shuɗin labule a bayan mutum, fitila biyu a gabansa,
ina cewa: ɗago haɓa, kar ka motsa, kar ka ƙifta.
Fasfon ɗalibai, fasfon maniyyata,
fuskokin da suka sha hoda da waɗanda suka sha wuya.
Da waya ta shiga aljihun kowa
sai na naɗe labulen, na mayar da makulli.

Yanzu daga sallar asuba sai bakin Kubanni,
raɓa na jiƙa mini ƙafar wando,
kyamara rataye a wuya kamar laya.
A nan ba wanda nake ba umarni.
Ni ake ce wa kar ka motsa.

Zalɓe ne malamina.
Yakan tsaya da ƙafa ɗaya har kifi ya ɗauke shi kara.
Kwana goma sha ɗaya ina fakonsa,
abin da na samu: jela, bakin fiffike,
da zoben ruwa a inda ya tashi.

Jatau mai lambun albasa yana mini dariya:
"Baba, tsuntsu ne zai biya kuɗin wanki?"
Na ce ai ya biya tun shekaranjiya,
da cilakowa ta sauka kan ɗinya dab da ni,
ta karkato kai, ta dube ni da ido ɗaya
kamar mai bin bashi da ya gano gida.
Na hau Kufena da gwiwar nan mai ƙara,
na tarar da rema uku suna shan hantsi,
ƙaramar ta yi hamma, na kama ta a haka.

Da dare jikata Laure kan zauna gefena
tana lissafa su da yatsa:
ga balbela a bayan sa, ga shamuwa, ga guza.
Rannan sai ta ce, "Kaka, ina ungulu?
An ce ta koma gidanta na tsamiya.
Wace tsamiyar?"

Na buɗe baki, ban sami abin faɗa ba.

Na bi mahauta, na bi bayan ganuwa,
na ɗaga kai ƙarƙashin rimayen birni
har hulata ta faɗi.
Shirwa kawai ke kewaya.
Wani tsohon mahauci ya goge wuƙa a cinya, ya ce,
"Wallahi sai da ka tambaya na tuna
rabon da in kore ta."

A ƙasan adaka na same ta,
cikin hotunan da masu su suka ƙi karɓa.
Barau ne, ranar da ya sayi sabon keke,
ya sha babbar riga, hannu a kan ƙararrawa,
ita kuma can bayansa, bisa rufin kwano,
ta duƙar da wuya kamar mai zaman makoki.
Na tuna na jefe ta, ta ƙi tashi.
Na tuna Barau ya ce bai ba da sulensa
don a haɗa shi da ƙazama ba.
Sati guda ina jin haushinta.

Na share ƙurar da bakin riga,
na ajiye gaban Laure.
Ba ta ko kalli keken ba.
Ta ɗora yatsa a kan dusu-dusun nan,
ta daɗe, ta ɗago, ta dubi kaina:
"Ita ma ba ta da gashi, kamar kai."

Gobe zan koma Kubanni.
Zalɓe na nan, har yanzu ina bin sa hoto guda.
Amma kan hanya ina duba kowace tsamiya,
kuma na bar ɗaukar dutse.