Kayan da Ba Su Shiga Buhu

Ladidi ta samu aiki a asibitin Garwa,
gobe Litinin za ta fara.
Ta zo bayan isha'i, ta zauna a bakin tabarmata,
ta ce, "Kawu, me zan tafi da shi?"
Ni da ban taɓa riƙe allura ba sai ta ɗinkin koma.

Na ce, sana'a huɗu na yi, ɗiyata,
kowacce na bar mata kayanta a inda na same su.

A Lagdo na bar koma da filafili,
na taho da asuba.
Malam Barau ba ya kiran mutum sau biyu.
Sau ɗaya ya bar ni a gaɓa, takalmi a hannu,
ina kallon jirgi yana zama ɗigo a kan ruwa.
Ranar gaya muka ci.
Shekara talatin ke nan, har yau ni nake tada zakara.

A Pitowa, wajen awon auduga,
na karanta bakwai inda aka rubuta ɗaya.
Kin san a rubutun Faransa uwa ɗaya ta haife su.
Kwana biyu barci ya ƙi ni.
A na uku na tsaya gaban akawu, na ce, "Ni ne."
Ya dube ni ta saman tabarau,
ya zare dala ɗari shida daga albashina,
wata na zagayowa ya miƙo mini makullin sito.
Wannan lissafi sai da na yi furfura na gane shi.

Sai yaron mota: Garwa, Marwa, Kusiri,
a bayan maigidana Sanda, mai ƙarancin magana.
Yakan kashe rediyo ya ce, "Ji."
Ni ban ji komai ba sai iska.
"Inji yana kuka tun kafin ya mutu,
kai ne surutu ya toshe maka kunne."
Daga baya na tarar mutane ma haka suke.
A hanyar na koyi gaisuwa da Fillanci,
da Larabcin Shuwa, da Faransanci mai ɗingishi,
na ga ƙofar da ta ƙi ƙarfi tana buɗe wa sannu.
Na kuma koyi sauka in tambayi hanya
tun mai bai ƙare ba.

Yanzu ga ni da albasa a babbar kasuwa.
Littafina ya fi kaina riƙo, ba na musu da shi.
In Hajiya Dudu ta zo da faɗa kan buhun da ya ruɓe,
nakan ba ta benci, in bar ta ta kai aya,
don rabin fushi a tsaye yake,
in ya zauna sai ya rage tsawo.
Bara Gambo, yaron da nake aike,
ya koya mini karɓar kuɗi ta waya.
Sau tara ina ɓata lambar, sau tara yana dariya.
Na bar shi ya dara. Yau ni ke nuna wa maƙwabcina.

Ladidi ta yi shiru, tana wasa da bakin mayafi.
Ta ce, "Kawu, ba ka ce komai kan magani ba."
Na ce, wannan an koya miki, da takarda da hatimi.
Nawa ba su da hatimi.
Ba su shiga buhu, jami'in kan iyaka bai taɓa ganinsu ba,
amma duk inda na sauka sun riga ni sauka.

Ta tashi, ban san ko ta ɗauka ba.

Da asuba na fito alwala,
zakara bai ko motsa ba.
A bakin ƙofar ɗakinta
babu takalmanta.